Zan tafi ci-rani wata biyar, yaya zan ajiye babur kada batir ya mutu?

Ɗan Taura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan babur. Da zarar an gama sussuka an ɗebe wake zan tafi ci-rani kudu, ba na sa ran dawowa sai an fara sharar gona, wato daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen ƙarshen Afrilu. Babur ɗin Boxer ne mai sitata da kik, batirinsa mai ruwa ne, an sa masa rimot na tsaro da wurin cajin waya. Ba mai hawansa in na tafi, ƙanena bai kai in ba shi makulli ba.

Batirin in bar shi a jiki ko in cire? Wasu sun ce sanyin hunturu ne ke kashe shi, in naɗe shi da bargo. Tanki kuma a cika ko a zuƙe? Akwai masu cewa a riƙa tayar da injin duk Juma'a na minti biyar. Wurin ajiya biyu gare ni, ɗakin kwano da muke zuba buhuna, da zaure na ƙasa. Allah Ya saka da alheri.

Mai Wayarin Ringim

Wa alaikumus salam. Malam, bari in fara da bargon nan. Sanyin da ke fasa batir na Turai ne da Kanada, inda ruwa ke zama ƙanƙara, kuma can ɗin ma batirin da cajinsa ya sauka ne yake daskarewa. Cikakke sai sanyi ya doshi awo 60 ƙasa da sifili. Mu nan ko da asubar Janairu da wuya ma'auni ya yi ƙasa da 10. Abin da hunturu ke yi shi ne ya rage wa batir ƙarfi da sassafe, baƙin mai kuma ya yi kauri, sai ka ji sitata tana nishi. Batirin da ya kasa a irin wannan safiya dama can ya raunana, sanyi asirinsa kawai ya tona.

A wajen ajiya ma sanyi gata ne. Makashin batir a ƙasar nan abu biyu ne, zafi da zama babu caji. Ko ba a jona shi da komai ba yana zubar da cajinsa a hankali, kuma duk ƙarin awo 10 na zafi kusan ninka saurin zubar yake yi. Duba watanninka. Disamba da Janairu ba abin damuwa. Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce 40 a inuwa ɗakin kwano ya koma tanda, su ne za su cinye maka shi. In caji ya yi ƙasa, wani farin gishiri ne ke kwanciya a kan farantan dalmar da ke ciki. Aka yi caji da wuri sai ya narke ya koma ruwa. Aka bar shi makonni sai ya taurare, daga nan ko an kwana ana caji, batirin zai nuna kamar ya cika, ka danna hon sau biyu ya mace.

To balle ga rimot. Rimot ba ya barci, ko makulli na aljihunka yana jan wuta. Mu ɗauka abin da yake ja bai wuce 0.01A ba (A ma'aunin gudun wuta ne, Ah kuma yawan wutar da aka sha ko wadda batir ke iya riƙewa). A awa 24 ya sha 0.24Ah. In batirinka 5Ah ne, kamar yadda yake a ƙananan babura da yawa, kwana 21 ya ishe shi ya zuƙe shi tas. Wurin cajin waya ma in kai tsaye aka jona shi da batir ba ta makulli ba, haka yake yi. Saboda haka amsar tambayarka ta farko: cire shi ɗungurungum.

Wajen cirewa, kashe makulli, ka fara kwance baƙar waya mai alamar ragi, sannan ja mai alamar tarawa. Dalili, ƙarfen babur gaba ɗaya a haɗe yake da baƙar wayar. In ka fara da ja, sifana ta goga jikin ƙarfe, sai tartsatsi, waya ma ta iya narkewa. Ranar mayarwa kuma ja ce a gaba, baƙa a ƙarshe. Ka mayar da notocin kan batirin a mazauninsu tun a lokacin, ƙanana ne, wata biyar ba za ka tuna inda ka sa su ba.

In akwai farin gari ko kore-kore a kan batirin, jiƙa kanwa kaɗan a rabin kofin ruwa ka goge da tsohon buroshin haƙori. Za ka ga yana kumfa, asid ne ke mutuwa. Amma murafun ramukan su kasance a rufe gam, don ɗigon ruwan kanwa in ya shiga ciki ya lalata wannan ramin. Ka ɗauraye, ka bushe, ka shafa basilin sama-sama.

Sai ruwa. A jikin batirin akwai layi biyu, na sama da na ƙasa. Kowane rami cikin shidan ruwansa ya tsaya tsakaninsu. A nan a kula, abu biyu ake kira ruwan batir a shago: akwai tataccen ruwa zalla, akwai mai asid da ake zuba wa sabon batir ranar farko. Na ƙari shi ne zallan. Ruwa ne ke tashi da zafi, asid yana nan, in ka ƙara asid a kan asid ka ƙona farantan. Ruwan rijiya, na burtsatse da na leda duk suna da gishirin ƙasa, kada su shiga. Wanda nasa batirin busasshe ne, irin rufaffen da ba a buɗewa, ya bar murfin yadda yake, ba a ƙara masa komai.

Daga nan a yi masa caji ya cika kafin a ajiye. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na girmansa: batir mai 5Ah a ba shi 0.5A, mai 7Ah a ba shi 0.7A, na kamar awa goma in ya sauka sosai. Bayan an cire caja a bar shi ya huta awa uku ko huɗu kafin a auna, don yana sauka daga caja lambar da yake nunawa ta ƙarya ce. Mitar auna wuta ta nuna 12.6V zuwa 12.8V, ya cika. 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, lokacin caji ya yi. 12.2 rabi ne. 12.0 ya kusa ƙasa, gishirin nan ya fara aiki. Mutane na ganin 12 su ce ai lafiya lau tunda 12V aka rubuta a jikinsa, alhali ya kusa hallaka.

Ka ajiye shi a tsaye a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da murhu, inda yara ba sa kaiwa. Duk wata a auna a ƙara caji, a Maris da Afrilu kuwa kada a wuce mako huɗu. Zancen cewa siminti ko ƙasa na tsotse caji tsohon zance ne na zamanin da gidan batir ba roba ba ne. Ɗora shi a kan katako ba laifi, saboda tsabta.

Oga Makaniki Gujungu

Mai Wayarin ya gama da batir. Ni dai in ƙara maka, Ɗan Taura, yawancin baburan da ake turowa gareji bayan ci-rani ba batir ne babban ciwonsu ba, don da kik ma a tashi. Kafireto ne.

A ƙasan kafireto akwai ɗan kofi da fetur ke taruwa. In babur ya zauna, mai sauƙin cikin fetur ɗin ya bi iska, ya bar wani danƙo ja-ja mai warin tsohon fenti. Ƙaramin jet, wanda ke riƙe injin a silo, raminsa bai kai kaurin allura ba. Danƙon nan kaɗan ya ishe shi. Alamarsa, babur ya tashi da cok, kana sakin cok ya mutu, ko ya ƙi tsayawa sai kana murza totur. Maganinsa minti biyar ne kafin tafiya. Rufe makullin mai injin na aiki, ka bar shi har ya mutu da kansa. Wannan bai kwashe duka ba, don haka ka sa gwangwani a ƙasa, ka sassauta sukurun da ke gindin kofin da sukundireba, sauran ya tsiyaye, ka ɗaure. Kada ka matse da ƙarfi, ƙarfen wurin mai laushi ne.

Tanki, ni ra'ayina na wata biyar a zuƙe shi. Fetur ba ya son zafi, wata uku zuwa shida ya fara lalacewa, wanda aka saya a galan a bakin hanya kuwa, da ba ka san ruwa da dattin da ke cikinsa ba, bai ma kai haka. Ga hatsarin tanki cike a cikin gida. Ka fito da babur fili, injin ya huce, babu mai shan sigari ko murhu kusa. Zare tiyo daga makullin mai, ka juya shi zuwa rizab don na ƙasan tanki ya fito. Ban da zuƙa da baki. Man a zuba wa injin ban-ruwa ko janareta. Sannan ka zuba baƙin mai cokali biyu ko uku a tankin, ka jijjiga babur ɗin hagu da dama ya shafi bango, ka rufe.

Baƙin mai a canza kafin tafiya, ba bayan dawowa ba. Tsohon mai yana ɗauke da toka da asid na ƙonewar fetur, ba a barin shi ya kwanta a kan boris wata biyar. Yi juyen da ɗumin injin, bayan ka ɗan zaga, don ya fito da dattin. A wanke rariyar mai in makanikinka zai buɗe. Ka sa 20W-50 na babur a rufaffiyar gora, wajen lita ɗaya ne, ka duba da sandar awo babur na tsaye sak. In ka ga an rubuta JASO MA a jikin gorar to na babur ne sosai. Kulocin irin waɗannan babura a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota suna sa shi sulɓi. Tsarin aikin ke nan: juyen mai tukuna, ka zaga minti biyar sabon ya shiga ko'ina, sannan ka koma kan kafireto da tanki.

Bayan injin ya huce, kwance fulogi, ka ɗiga baƙin mai cokalin shayi ɗaya a ramin, makulli a kashe, ka taka kik a hankali sau huɗu ko biyar. Wannan ke hana ringi kamawa da tsatsa. Mayar da fulogi da hannu tukuna kafin sifana, kada ka cinye zaren. Sai ka sake taka kik a hankali har ka ji ya yi tauri, ka tsaya a nan. A wannan gaɓar bawul biyun duk a rufe suke, iska da ƙura ba su da hanya.

Cen a wanke da kananzir da buroshi, ya bushe, a ɗiga masa man giya lamba 90, a goge na sama da tsumma. Kada a labta giris, ƙurar hunturu in ta haɗu da shi dutsen wasa suke zama. Sakinsa a tsakiya santimita 2 zuwa 3. Ɗiga mai a wayar kuloci da ta birki da ta totur. Taya a ba ta iskarta, kamar PSI 25 a gaba 30 a baya a ma'aunin mai faci, a kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a sa guntun katako ƙarƙashin tayar gaba.

Tayarwar duk Juma'a kuwa, bar ta. Danna sitata ɗaya yana cin abin da silo na minti biyar ba zai mayar ba. Injin bai yi zafin da zai kori danshi ba, sai ruwa ya taru a salansa da cikin mai, fulogi ya yi baƙi. Ko dai a hau shi a yi tafiyar minti 20 zuwa 30, ko a ƙyale shi ya yi barcinsa.

Baba Manomi Auyo

Sannunku da ƙoƙari. Yaro, kada ka kai shi ɗakin buhuna. Inda hatsi yake nan ɓera yake, kuma ɓera na son robar waya da soson kujera, ya kuma yi sheƙa a akwatin iyakilina ya tara ƙaiƙayi. In akwai ragowar taki a ɗakin, musamman yuriya, to ya fi ɓeran ɓarna, ƙarfe da ƙusoshin taya yake ci. Zauren ƙasa ya fi, ya fi sanyi ma. Sai dai ka janye shi daga jikin bango saboda gara, ka share ƙasan, a riƙa leƙawa.

Bakin salansa ka toshe da tsumma mai ɗan mai, haka ma bakin shigar iska, in ba haka ba zanzaro ya gina maka ɗaki a ciki. Ka ɗaura jan ƙyalle a kan hannun babur don ka tuna akwai toshi. Rufi kuma tsohon zanen gado ko buhun algarara ya fi leda, leda na tara gumi. Kaji kada su mai da shi wurin kwana, kashinsu na cin fenti.

A kan tanki ne ban bi Oga ba. Mu abin da muka sani tankin da ba mai shi ke tsatsa. Wanda ya tafi ci-rani yana cewa Afrilu, sai ka gan shi a Yuni ruwa ya sauka, iska ta yi laima.

Oga Makaniki Gujungu

Baba, maganarka na kan hanya, shi ya sa a ƙasashen da ke da laima cika tanki ake yi har wuya. Amma daga Nuwamba zuwa Afrilu iskarmu busasshiya ce, leɓe ma fashewa yake, danshin da zai kawo tsatsa kaɗan ne, kuma baƙin man da na ce a jijjiga don wannan ne. Da tafiyar wata ɗaya ko biyu ce, ko da damina ce, ni ma cikawa zan ce. Abin da ba a so kwata-kwata shi ne rabin tanki: ga wurin da iska za ta yi gumi, ga man da zai lalace. An gudu ba a tsira ba.

Ɗan Taura

Na gode ƙwarai. Saura abu guda. Garinmu babu wutar lantarki, wa zai riƙa yi masa cajin nan na wata-wata? Akwai mai shagon cajin waya da ke da sola da babban batir, akwai kuma mai cajin batirin mota a kasuwa. Ko in jona shi da ƙaramin faifan sola in bar shi a rana?

Mai Sola Kazaure

Ɗan'uwa, kada ka jona faifai kai tsaye ka tafi. Faifan da ake kira na 12V, in ka auna shi a rana ba kaya wajen 21 yake nunawa. Ba shi da hankalin tsayawa in batir ya cika, zai ci gaba da dafa shi har ruwan ya ƙafe. Sai da kwantirola a tsakani, wato na'urar da ke tsayar da caji in batir ya cika. Faifai mai wat 5 yana ba da kamar 0.3A, mai wat 10 kamar 0.55A, duka sun dace da batirin babur. Faifan a rana, batirin da kwantirola a inuwa cikin ɗaki. A fara jona batir da kwantirola, sannan faifai. Kwana ɗaya ko biyu a wata ya wadatar, sai a cire. A goge ƙurar faifan kafin a jona, a hunturu kwana uku ya isa ta rufe shi.

Haɗa shi baki da baki da babban batirin mai shago ba caji ba ne. In naka ya sauka sosai wuta za ta kwarara masa babu linzami, in kuma sun daidaita sai ta tsaya bai cika ba.

Mai cajin batirin mota ya fi sauƙi in zai saurare ka. Cajarsu na iya tura 10A ko fiye, ninki ashirin na abin da naka ke so. Ya sa a mafi ƙanƙantar lamba. In cajar ba ta sauka ƙasa, a saka kwan sigina mai wat 10 a tsakanin jar wayar caja da kan batir, kwan ne zai rage gudun wutar. A sassauta murafun ramuka, a yi a fili, don iskar da batir ke fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta, ashana ɗaya ta isa ta fasa shi. A riƙa taɓa jikinsa. Ɗumi kaɗan ba komai. Ya yi zafi, ko ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko cikinsa ya kumbura, a cire nan take. Wanda ruwan ya fantsamar masa a ido ya yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 sannan a tafi asibiti.

Ka sayi ƙaramar mita ka nuna wa wani babba a gida yadda ake aunawa, jan tsinke a kan tarawa, baƙi a kan ragi. Ka manna takarda a jikin batirin a riƙa rubuta rana da lamba. In kuwa ka san ba wanda zai kula, kuma batirin ya riga ya yi shekara biyu, gara ka ba wani mai babur ya ci gaba da amfani da shi, ka sayi sabo in ka dawo.

Mai Wayarin Ringim

Don ranar dawowa. Yi wa batirin caji ya huta ka auna. In ya tsaya a wajen 10.5 ya ƙi hawa, rami ɗaya cikin shida ya mutu, don kowane rami 2.1 yake bayarwa. Wannan ba ya gyaruwa, ka kai wa 'yan gwangwan yadda yake, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko turken dabbobi.

Kafin ka jona, cire tsumman salansa da na iska, buɗe akwatin iyakilina ka duba, ka bi wayoyi da ido ko ɓera ya taɓa. Zuba sabon fetur, buɗe makullin mai, ka jira minti ɗaya kofin ya cika. In ka ga mai na zuba ta tiyon ƙasan kafireto, allurar fulot ce ta maƙale, ƙwanƙwasa kofin da gindin sukundireba a hankali, yawanci tana sakin kanta. Taka kik sau biyar makulli a kashe, sannan ka kunna, ka ja cok, ka tayar da kik ba da sitata ba. Zai yi farin hayaƙi na ɗan lokaci, man da aka ɗiga ne ke ƙonewa. Kuloci kan manne bayan dogon zama, don haka kafin ka tayar ka sa giya, ka riƙe kuloci, ka tura babur gaba da baya har ya saki, in ba haka ba kana sa giya ɗaya zai yi tsalle.

Injin na aiki, ɗan ƙara totur ka ɗora mita a kan batir. Tsakanin 13.5 da 14.5 caji na tafiya daidai. Ƙasa da 13 ba ya caji, a duba fiyus da soket da kwayil. Ya haura 15, raktifaya mai daidaita wutar caji ta lalace, ita ce ke ƙona ƙwayaye tana ƙafar da ruwan batir, a canza ta kafin ta ci sabon. Ka gwada birkin gaba da na baya a ƙofar gida, ka sake auna iskar taya wajen mai faci kafin ka ɗora buhun taki.